Babu Mai Wannan Suna A Gidan Nan

Jiya a cikin bas wani tsoho ya zauna kusa da ni, ƙamshin man zafi yana tashi daga jikinsa, irin mai yajin nan da ke shiga hanci ya sa ido ƙwalla. Ban kai tashata ba na sauka. Wanda ya gan ni zai ce warin ne ya kore ni, alhali da shi na girma. Shi ne ƙamshin falonmu a unguwar Morrisania ta New York, hawa na huɗu, inda Kawuna yake naɗe ƙafar wando kowace safiya yana murza gwiwarsa ta hagu kafin ya fita.

Kawu ƙanen Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dogo ne na gaske, duk ƙofar gidan sai ya sunkuya mata. A doguwar kujerar falo yake kwana, a ƙara masa kujerar roba inda ƙafafunsa za su sauka. Jakunkuna da tabarau yake sayarwa a Canal Street. Ba shi da mata, ba shi da takardun zama. A cikin mutanenmu na nan kuwa, namijin da ya rasa waɗannan biyun, ko gemunsa ya kai cibiya, yaro ne. Shi ake aike, shi ake katse wa magana. Ni kaɗai nake zama in saurare shi. Sunan kakata aka sa mini, don haka "Uwata" yake kira na.

Kakar tawa, wadda muke ce wa Hajiya, Umma ce ta kawo ta daga Kano saboda ciwon ƙoda. Sau uku a mako ake kai ta wankin ƙoda, kuma benenmu ba shi da lifta. Motar asibiti iyakarta bakin titi. Abba yana tuƙin tasi, bayansa ya daɗe da lalacewa. Umma tana can gidajen wasu tana jinyar tsofaffinsu. Saboda haka Kawu ne yake durƙusawa a gaban gado, Hajiya ta kwanta a bayansa, a ɗaure ta da zani, domin ta ce ba ta yarda da hannu kaɗai ba. Haka zai sauka da ita da safe, ya tafi kasuwa, ya dawo da azahar ya hau da ita. Da zafi, matattakalar ta cika da ƙamshin girkin maƙwabtanmu 'yan Zango, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Da sanyi, takalman mutane su jiƙa matakan da ruwan ƙanƙara, ya riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya yana jan ƙafar hagu. Ina biye da su da jakar magani. A kowane hawa Hajiya takan ce, "Allah ya yi maka albarka," shi kuma numfashi ba ya barin sa ya ce amin sai mun shiga gida.

Wannan gwiwar, in ji shi, a Sifen ya bar lafiyarta. Ya ce yana makaranta a Zariya wani koci ya gan shi a gasar ƙwallon kwando, ya tafi da shi wani ƙaramin gari a arewacin Sifen, a bakin teku, inda ruwan sama ba ya gajiya. Tarihin kulob ɗin garin a bakinsa yake kamar karatun allo. Ma'aikatan masana'antar kifin gwangwani suka kafa shi. Filinsu na farko rumfar kasuwar kifi ce, sai an tashi da yamma a wanke daɓen a kafa kwanduna, ƙwallon kanta ƙarni take yi. Daga baya gari ya gina musu zaure, amma suka daɗe a rukuni na biyu, kullum su zo bakin ƙofa a rufe musu.

Na san 'yan wasan nan kamar danginmu. Akwai Ba'amurke mai zuba ƙwallo kamar ba gobe, amma da an yi sanyi sai ya ce gida zai koma. Akwai wasu 'yan'uwa biyu, 'ya'yan masunta, da suka shekara ba sa miƙa wa juna ƙwallo saboda rigimar jirgin ubansu. Akwai koci mai jifa da kwat idan ransa ya ɓaci. Sai kyaftin, ɗan mai gidan burodi, mafi gajarta a cikinsu. Shi ne da ya gane Kawu ba ya cin naman alade, duk masaukin da suka sauka sai ya shiga kicin da kansa ya buɗe tukwane. Da azumi yakan ɓoye burodi mai zafi da dabino a ƙarƙashin benci, yana leƙen taga, rana na faɗuwa ya yi wa Kawu alama ko da ana tsakiyar atisaye. Waɗannan su suka hau da kulob ɗin rukuni na farko, garin ya fito ƙwansa da ƙwarƙwatarsa. Shekarar da ta biyo baya gwiwar ta tafi.

"Wasa uku kacal na yi a saman, Uwata," yakan ce. "Amma na taka."

Hotunansa da rigarsa ruwa ya cinye su a ɗakin ƙasa da ya fara zama da ya zo garin nan. Ba shi da shaida sai tabon ɗinki da Sifaniyancin da yake yi da masu shagon kusurwa. To mutanenmu nawa suka bi ta Sifen suka yi aikin gona? Ran Lahadi bayan la'asar abokan Abba sukan taru a falonmu, a sha shayi, a kunna talabijin. Da an nuno 'yan ƙwallon kwando sai wani ya gyara zama.

"Ɗan Sifen, ba mu labarin final ɗin nan mana."

Kawu ya san tsokana ce, amma ba ya iya hana kansa. Zai fara, ya miƙe, ya nuna yadda ya tare, yadda ya juya. Sai wani dattijo mai shagon waya ya ce ai kwandon da Kawu ya sani a Sifen na tumatir ne. Falon ya ɗauki dariya, har da Abba. Ka lura, mai karatu, a lokacin kowannensu yana da waya a aljihu. Binciken minti biyu ya isa ya raba gardama. Babu wanda ya taɓa dubawa, domin dariyar ta fi musu daɗi, kuma ana bukatar wanda za a yi wa.

Ina da shekara goma sha biyu wata wasiƙa ta zo. A gidanmu makullin akwatin wasiƙu yana ɗaure a bakin mayafin Umma. Duk takardar da ta zo da hatimi ita za ta fara gani, ko sunan wa ke kai, ni kuma in karanta in fassara. Tsoron hukuma ya koya mana haka, kuma a wajen Umma babu abin da ƙane zai mallaka da yayarsa ba ta da iko da shi. Ranar bayan na dawo makaranta ta kira ni ɗaki ta tura ƙofa. Ambulan ɗin a buɗe yake, da sunan Kawu a kai.

"Wannan ba Turanci ba ne. Ke da kike koyon yaren Sifen a makaranta, duba mini ko wata fitinar ce."

Hoto ne ya fara faɗowa. Maza goma sha biyu cikin riga mara hannu, a layin baya ga Kawu, siriri, da suma, yana dariya har ana ganin dasashinsa. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan dariyar ba. A gaba wani gajere ya tsuguna da ƙwallo, na gane shi ba tare da an faɗa mini ba.

Da ɗan Sifaniyancina da ƙamus na makaranta na haɗa maganar. Kulob ɗin zai yi bikin tunawa da kafuwarsa, za a tara waɗanda suka hau da shi rukuni na farko a karrama su a gaban gari, kuma kulob ya ɗauki nauyin tafiya. A ƙasa akwai rubutun hannu na kyaftin. Ya ce ya daɗe yana cigiya, sai wani ɗan Senegal mai shago a garinsu ya ce ɗan'uwansa yana kasa kaya kusa da wani dogo a New York. Ya ce kowa ya amsa, shi kaɗai ya rage. Ya sa lambar wayarsa.

Tsalle na yi. Na ce, "Umma, ashe gaskiya ne, duk gaskiya ne."

Ita ba ta yi murna ba. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta kife shi a cinyarta.

"Ba shi da papers, takardun zama. Idan ya fita ƙasar nan ba za su bar shi ya dawo ba. Wa zai hau da Hajiya?"

Na ce ai sai a faɗa masa, shi ya zaɓa.

"Kin san shi kan maganar nan, hankalinsa ba ya jikinsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Ta kamo hannuna ta matse. "Idan maganar nan ta fita daga bakinki, ban yafe ba."

Wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san nauyin wannan kalmar a bakin uwa. Ta sa takardar da hoton a ƙasan akwatin zannuwanta ta kulle. Da magariba Kawu ya shigo da gyaɗa mai sukari da yakan sayo mini a bakin tashar jirgin ƙasa. Na karɓa na ci.

Bayan kamar wata guda wasiƙa ta biyu ta zo. Wannan Umma ba ta buɗe ba. Ta ce idan aka yi shiru za su ci gaba da aikowa, wata rana ta faɗa hannunsa. Ta miƙo mini biro, domin ita rubutun bokonta bai nuna ba, ta ce in rubuta da Turanci a bayan ambulan cewa babu mai wannan suna a gidan nan. Na rubuta, da manyan baƙaƙe masu kyau irin waɗanda malamarmu take yabo. Ni na kai ta akwatin gidan waya na kan kwana na jefa, a hanyata ta zuwa makaranta.

Lahadin da ta biyo baya aka taru kamar kullum. Aka kunna talabijin, aka tsokane shi, ya miƙe, mai shagon waya ya kawo zancen tumatir. Hoton yana bayan bango ɗaya da su. Ranar ban san abin da ya shiga ran Kawu ba, maimakon ya zauna ya yi murmushinsa, sai ya juyo wajena.

"Uwata, ke dai kin yarda da ni ko?"

Duk suka kalle ni. Umma tana bakin ƙofar kicin da tire a hannu. Na amsa da Turanci, kamar yadda mu yaran nan muke yi idan muna son zillewa, na ce ban sani ba. Aka sake fashewa da dariya, wani ya ce ko uwar tasa ta tsame hannunta. Kawu ya zauna. Ya ɗauki kofin shayinsa ya riƙe bai sha ba.

Shekara huɗu ya ƙara yana goyon Hajiya. A cikinsu gwiwar ta kumbura har wando ba ya naɗuwa ta kanta, sai dai ya sa hannu ta ciki ya shafa man. Na daina zama jin labarin kulob. Idan ya fara sai in ce ina da aikin makaranta. Ya ɗauka girma ne ya zo mini, har yana yi mini tsiya wai na zama Ba'amurkiya. Ba zan iya jin zancen burodin azumi ba ne, ina sane da abin da ke ƙasan akwati. Haushin Umma nake ji, ina jin haushin mazan Lahadi, wani lokaci har shi kansa nake jin haushi, don me ba zai yi shiru ya huta ba.

Hajiya ta rasu a ƙarshen wani sanyi. Bayan sadakar arba'in, da na ga babu sauran wanda za a hau da shi, na ɗauki makullin akwatin zannuwan Umma ranar da ta tafi aiki. Na shiga jirgin ƙasa har Canal Street. Na same shi a tsaye bayan teburinsa, jama'a na turereniya, yana saka wa wata mata jaka a leda. Na jira ta tafi na miƙa masa takardar da hoton.

Ya karanta a tsaye, leɓensa yana motsi. Ya duba hatimin gidan waya, ya ƙirga shekarun da kansa. Na ce Umma ce ta ɓoye, saboda Hajiya. Na ce wata ta sake zuwa aka mayar. "Aka" na ce, ban ce "na" ba.

Ya ciro waya ya buga lambar da ke ƙasan takardar, a nan bakin titi, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa. Mace ce ta ɗauka. Sun daɗe suna magana, shi yawanci saurare yake yi. Da ya gama ya sa wayar a aljihu ya gyara jeren tabarau da ba su karkace ba.

"Matarsa ce. Bara ya rasu," ya ce. "Ta ce ranar bikin ya fita fili da riga mai sunana a hannu, ya ɗora ta a kan kujerar da aka ajiye mini. Ta ce har ya kwanta ciwo yana cewa ko dai na mutu, ko kuma fushi nake da su don sun sallame ni da gwiwa a karye."

Na tambaye shi abin da na shekara huɗu ina tambayar kaina. Na ce, "Kawu, da an ba ka, da ka tafi?"

Ya kalle ni kamar na zage shi.

"In tafi ina? In bar uwata a hawa na huɗu? Ashe haka Yaya ta ɗauke ni." Ya naɗe takardar a hankali. "Da na kira shi na ce ba zan samu zuwa ba, na gode. Shi ke nan. Mutum ya yi mini sallama har sau biyu, aka ce masa ba na gidan."

Wannan shi ne abin da har yau na kasa haɗiyewa. Duk rantsuwar da aka ɗora mini, duk shirun shekara huɗu, an yi su ne don a tsare mutumin da ba shi da niyyar zuwa ko'ina. Kullum yana gabansu da uwarsu a baya, amma ba su ga abin da zai sa a amince masa da takardarsa ba.

Bai yi faɗa da Umma ba. Da ma ya yi, da ya fi. Ya gaishe ta da safe kamar kullum, bayan mako biyu ya kwashe kayansa a jaka biyu ya koma unguwar Tompkinsville, can tsallaken ruwa, ɗaki ɗaya a saman wani shago. Hoton bai taɓa nuna wa mazan Lahadi ba. Ni ce na ɗauke shi a waya na tura wa Abba, ya zagaya. Mai shagon waya ya ce ai shi da ma ya san dogon nan ba banza ba. Suka aika a kira shi ya zo ya ba da labari, ya ce yana da uzuri. Tun daga ranar Canal Street ban sake jin ya ambaci kulob ɗin ba, ko ga wa.

Yanzu abubuwa sun canja. Saƙo a waya yake zuwa, kai tsaye hannun mai shi, babu yayar da za ta zauna a kansa. Yaran unguwarmu suna bin ƙwallon Sifen a wayoyinsu, iyaye har alfahari suke idan ɗa ya yi tsawo. Umma ta tsufa, ita ma matattakalar ta fara gagarar ta. Idan zancen ya taso takan ce, "Ai don Hajiya na yi, Allah ya ga zuciyata." Ban taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba, na kuma daina jira.

Nakan hau jirgin ruwa in je gaishe shi duk wata. A zuwana na uku na tarar matar kyaftin ta aiko masa da ƙunshi. Rigar bikin nan ce a ciki, ga ta rataye a bayan ƙofa. Tare da ita matar ta haɗo abin da ta samu a durowar mijinta, wato ambulan ɗin nan na biyu, ba a taɓa buɗe shi ba. Kawu ya jingina shi a kan kanta kusa da agogo, bayansa yana kallon ɗaki. Ga manyan baƙaƙena nan, na 'yar shekara goma sha biyu. Ya san rubutun sarai, don a gabansa nake yin aikin makaranta tun ina aji ɗaya.

Bai tambaye ni ba. Ya dafa mini shayi, ya tambayi karatu, ya ce in gaida Yaya. Shekara nawa ke nan ambulan ɗin yana wurin, duk zuwa sai na zauna a gabansa. Kowane wata a cikin jirgi nakan shirya yadda zan ce, "Kawu, ni na rubuta." Har yau da na shiga sai in tambaye shi ya gwiwa, ya ce da sauƙi.